Hunturun Mai Lambu a Bakin Tekun Arewa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, jama'a masu saurarenmu, na birni da na ƙauye, da waɗanda ke zaune a zaure, da waɗanda suka rataye akwatin rediyo a reshen bishiya suna ban-ruwa a fadama. 

A ƙasarmu, idan kaka ta wuce, aka kai amfani rumbu, iskar gabas ta fara kaɗawa da hazo da ƙura, to, a sa'an nan ne kakar mai lambu take kamawa. Domin duk wanda ya ratsa fadamun Kano ko na Zariya ko na Sakkwato a watan Disamba da Janairu zai tarar da fangalin albasa da tumatir da latas da karas sun yi kore shar, injin ban-ruwa yana kuka a inda a zamanin kakanninmu jigo ke kai da kawowa. Saboda haka Bahaushe ya tashi da sanin cewa sanyi abokin lambu ne. Amma Allah Maɗaukakin Sarki, da ya saɓa tsakanin ƙasashe kamar yadda ya saɓa tsakanin harsuna da launukan bayinsa, ya halicci wasu wurare inda al'amarin yake a juye, wato inda sanyi ke rufe bakin ƙasa ruf, tsiro ya tsaya cik, mai lambu ya shafe wata uku ko huɗu yana aiki ba tare da ya ga abin da ya ƙaru a kan kunyarsa ba. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare za mu kai ku yau, don mu ga abin da mai lambu yake yi a lokacin da lambu ba ya ba shi kome sai kaɗan, ko Allah ya sa mu tsinci wata izina.

Garin da za mu sauka sunansa Witbi, a lardin Yokshaya ta Arewa, a gabar arewa maso gabashin Ingila, daidai inda kogin Esk yake zuba a Tekun Arewa. Gari ne ƙarami na masunta da matuƙa jiragen ruwa, wanda a cikinsa ne Kyaftin James Cook ya koyi aikin teku yana saurayi, a kan dutsen da ke bisansa kuma akwai kangon wata tsohuwar majami'a da aka fara kafawa a shekarar 657, wadda ake hawa wurinta ta matakala 199. Gidajen talakawa a irin waɗannan garuruwa a manne suke da juna, galibi ba su da tsakar gidan da za a dasa ko da tushen tafarnuwa. Don haka wanda yake son ya noma abin miyarsa sai ya nemi fegi a filin da hukumar gari ta keɓe, ya biya 'yar haya a shekara, ya zama yana da wurin da zai kira lambunsa. Cikakken fegi a al'adarsu ya kai murabba'in mita 250, wato ya ɗan ɗara fulotin nan namu mai ƙafa hamsin-hamsin, ko da yake a yau, saboda yawan masu nema, sau da yawa rabi ake ba mutum, bayan ya yi shekaru sunansa yana cikin jerin masu jira.

Wannan tsari yana da asali, asalinsa kuwa rashin adalci ne da aka zo daga baya ana neman gyarawa. A ƙarni na 18 da na 19 masu hannu da shuni na Ingila suka yi ta kewaye filayen da a da jama'a ke tarayya a kansu wajen kiwo da itace da noma, har talakan ƙauye ya wayi gari ba shi da inda zai ɗaure akuya. Da yunwa da ƙorafi suka yawaita, sai majalisar dokoki ta fara tanadin 'yan filaye domin matalauta, har aka kai ga dokar shekarar 1908, wadda ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da fegi idan akwai masu buƙata, ta kuma ce mutum shida daga cikin masu zaɓe ko masu biyan haraji sun isa su rubuta su nema, hukuma ta duba maganarsu. Dokar 1925 ta hana a sayar da filin da aka saya musamman domin wannan aiki sai da yardar minista. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jiragen da ke kawo abinci, gwamnati ta yi shela kowa ya kama shebur, har yawan fegi ya kai kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Bayan yaƙi kuma dokar 1950 ta halatta wa mai fegi ya ajiye kaji da zomaye domin amfanin gidansa. To, wanda ya riƙe fegi a yau magajin wannan doguwar gwagwarmaya ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Yanzu sai mu zo ga hunturun kansa. Abu na farko da zai ba baƙo daga ƙasarmu mamaki shi ne ƙarancin rana. A Kano, ranar da ta fi kowace gajarta a shekara tana da awa goma sha ɗaya da kusan rabi. A Witbi kuwa, wajen 21 ga Disamba, gari ba ya ganin ƙwayar rana sai bayan ƙarfe takwas da kwata na safe, kafin ƙarfe huɗu saura kwata na yamma kuma ta faɗi, sa'an nan ko da tsakar rana ba ta wuce tsayin da take kaiwa a wurinmu da ƙaramin hantsi, tana rarrafe a gefen kudu kamar mai jin nauyin tashi. Tsiro kuwa da haske da ɗumi yake rayuwa, mafi yawan kayan lambu suna daina girma idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 5 ko 6, alhali matsakaicin zafin watan Janairu a wannan gaɓa bai wuce digiri 4 zuwa 5 ba. Abin da aka shuka tun lokacin ɗumi ya girma, shi ne zai tsaya a fili yana jiran mai cirewa. Abin da bai girma ba kuwa sai dai ya jira bazara.

Teku kuma maƙwabci ne mai fuska biyu. Ta fuskar alheri, ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma jinkirin sakinsa, saboda haka ɗumin da teku ya tara a watannin Yuli da Agusta yakan yi ta fitar da shi sannu a hankali cikin hunturu, har ya zama daren da raɓa ta daskare ta zama farin gishiri a kan gonakin tudun da ke nesa da gaɓa, lambun bakin ruwa yakan kwana lafiya. Ta ɗaya fuskar kuwa, babu tsauni ko daji tsakanin wannan gaɓa da iskar da ke tasowa daga arewa, idan ta taso kuma takan ɗebo feshin igiyar ruwa ta watsa shi a kan gari, gishirin da ke ciki ya sauka a kan ganye ya zuƙe masa ruwa, ya bar shi a ƙone kamar an bi shi da wuta. Shi ya sa mai lambun bakin teku yake kasa kunne ga rahoton da gidan rediyon BBC ke karanta wa matuƙa jiragen ruwa kullum, inda aka kasa tekun da ke kewaye da Birtaniya kashi 31, yana jiran a ambaci yankin Tayin, wanda garinsa yake fuskanta. Idan ya ji an ce ƙarfin iska zai kai mataki na 8 a mizanin Bofot, wato gudun da ya haura kilomita 60 a awa, to, ya san ba zai yi barci ba sai ya je ya ɗaɗɗaure abin da ke ɗauruwa. Mutanen wannan gaɓa ba su manta da daren 31 ga Janairun 1953 ba, sa'ad da teku ya yi ambaliya ya halaka mutum 307 a Ingila da fiye da 1,800 a Holan, ya bar gonaki da gishirin da aka yi shekaru ana fama da shi. A ranar 5 ga Disamban 2013 ma ruwa ya haura bakin tashar Witbi ya shiga titunan garin.

Mu ƙaddara, jama'a, muna biye da wani dattijo da ya ajiye aiki, da safiyar da ta biyo bayan irin wannan iska. Ya sa rigar sanyi a kan rigar sanyi, ya zura takalmin roba mai kai wa gwiwa, ya hau hanyar tudu da filas ɗin shayi a aljihu, tun kafin ya buɗe ƙofar shinge yana jin ɗanɗanon gishiri a leɓensa. Abin da ya fara dubawa 'yar bukkarsa ce ta katako, inda yake ajiye shebur da manjagara da iri: iska ta yaye gefen rufin, ta fasa gilashi ɗaya na ɗakin renon tsiro, ta mirgino durom ɗin maƙwabcinsa ta jingine shi a kan dangarsa. Ya tsince gilashin ɗaya bayan ɗaya don kada ya yanki mai tono a gaba, ya mayar wa maƙwabci da durom ɗinsa, sa'an nan ya nufi layin kabejinsa masu dogon kara. A nan ne idon gwani yake ganin abin da baƙo ba zai gani ba, domin karan suna tsaye, ganyen da ke fuskantar teku ne kawai ya yi ja. Amma iska ta kwana tana jijjiga su, har kowanne ya buɗe ɗan rami a gindinsa, ramin da ruwa zai taru a ciki ya daskare ya ruɓar da saiwa. Sai dattijon ya bi su ɗaya ɗaya, yana tura ƙasa da gefen takalmi, yana dannewa da diddige, yana kafa wa kowanne turke ya ɗaure. Yana cikin haka wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji ya sauka a kan ƙotar shebur, yana jiran a juya ƙasa ya sami tana. Kafin ya gama, yatsunsa sun ƙage, sai ya shiga bukka ya zauna a kan tsohuwar kujera, ya riƙe kofin shayi da hannu biyu, yana kallon fegin ta ƙofa.

Wannan iska ta koya wa mutanen gaɓa wata hikima da manominmu zai gane nan take. Wanda bai sani ba yakan zaci katanga ce maganin iska, alhali iska idan ta bugi abin da ba shi da kafa sai ta haura ta kansa ta faɗo a bayansa tana juyi, ta yi ɓarnar da ta fi ta fili. Abin da ke karya lagonta shi ne shinge mai ƙofofi, na raga ko na saƙaƙƙen itace ko na ƙaya mai rai, wanda yake tace ta ya rage mata ƙarfi, kamar dai yadda zana da dangar kara suke yi a gidajenmu.

Sai dai tekun da ya yi ɓarna da dare yakan biya diyya da safe. Igiyar ruwa takan tumɓuko ciyawar teku daga ƙarƙashi ta jibge ta a bakin yashi, baƙa-baƙa, mai santsi, mai ƙarni, masu lambu kuwa sukan sauko da buhuna da baro idan ruwa ya janye, su kwashi rabonsu su hau da shi tudu, aikin da ke sa gumi ko a cikin jaura. Ladabin abin shi ne a ɗebi wadda ruwa ya yar, kada a yanko mai rai daga jikin dutse, kada kuma a share bakin ruwan ƙaf, domin ƙwari da tsuntsaye suna da haƙƙi a ciki, a kuma nemi izinin mai gaɓar. Fa'idar wannan ciyawa ita ce tana ɗauke da sinadarin fotash da wasu ma'adinai da ƙasa ke buƙata kaɗan-kaɗan, tana saurin ruɓewa, ba ta kuma zuwa da irin ciyawar gona kamar yadda takin dabbobi yakan zo da shi. Akan shimfiɗa ta a kan kunya, ruwan sama ya wanke gishirin, kafin bazara ta narke ta shige. Manoman tsibirin Jazi sun daɗe suna ciyar da gonakin dankalinsu da ita, mutanen tsibiran Aran na yammacin Ailan kuwa da ita da yashi suka gina ƙasar noma a kan fa tsirara, kwando bayan kwando, zuriya bayan zuriya.

A nan ne zuciyar maganarmu take. Mafi yawan aikin mai lambu a hunturu ciyar da ƙasa ne, ita da ta ciyar da shi a sauran shekara. Yana juya jujin da ya tara na ganye da ɓawon kayan miya, yana kawo takin doki daga barga, yana barbaɗa farar ƙasa a inda tsami ya yi yawa. Idan ƙasarsa laka ce mai nauyi, irin wadda ta yawaita a wannan gaɓa, yakan kafce ta tun watan Nuwamba ya bar hoge manya-manya a fili, domin ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ruwan da ke cikin hogen ya daskare ya narke, ya sake daskarewa ya narke, har ya marmashe shi ya koma kamar gari ba tare da an ɗaga hannu ba; ka ga sanyin da ya hana shuka shi ne kuma ya yi ɓarje. Wasu kuwa a yau sun bar kaftu, suna zuba taki a sama kawai, su bar tana ta ja shi ƙasa, aikin da masanin nan Charles Darwin ya shafe shekaru yana nazari har ya wallafa littafi a kansa a 1881. Ko ta wace hanya aka bi, manufa ɗaya ce: kada ƙasa ta shiga bazara da yunwa.

Ba kuma hannu wofi yake komawa gida ba. Akwai wata albasa mai dogon wuya wadda ba ta yin kai, suna kiranta lik, tana tsayawa a cikin dusar ƙanƙara ba ta damu ba, mutanen arewa maso gabashin Ingila har gasar girmanta suke yi. Akwai dangin kabeji iri-iri, akwai kuma wata saiwa fara mai kama da karas, fasnif, wadda masu lambu ba sa son cirewa sai sanyi ya dake ta, saboda sanyi yana juya sitacin da ke cikinta ya koma sukari, ta ƙara zaƙi. Tafarnuwa ma tun kaka ake binne ta, domin idan ba ta sha makonni na sanyi ba, ba ta rarrabuwa ta yi 'ya'ya. Abokan rabonsa a wannan lokaci su ne tantabarun daji, waɗanda yunwa takan kai su su tsige kabeji su bar jijiya, shi ya sa yake lulluɓe shi da raga. Abin da suka samu duk da haka, mu da malamanmu suka karantar da mu cewa abin da tsuntsu ya ci daga shukar mutum sadaka ce a gare shi, mun san bai tafi a banza ba.

Idan Janairu ta yi nisa, dare ya fara raguwa, sai aiki ya koma kan tebur. Ya zauna da takarda yana zana fegin, yana sauya wa kowane iri mazauni, don kada dankali ko kabeji su maimaita wuri ɗaya cuta ta yi gida a ƙasar. Ya sayo irin dankalin Turawa ya jera shi a cikin kwalin ƙwai a bakin taga, idanun suna kallon sama, don su fito da gajeren tsiro mai ƙwari kafin a dasa a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu. Yana kuma lissafin abin da ya rage masa a buhu da abin da ke rataye, domin ya san wahalar ba a tsakiyar sanyi take ba, tana wajen Afrilu da Mayu, sa'ad da kayan hunturu suka ƙare, sababbi ba su nuna ba, lokacin da su da kansu suke kira giɓin yunwa. Manominmu ya san wannan giɓi sarai, shi ne tsakiyar damina, gona kore, rumbu wayam.

Akwai wata ni'ima kuma da ba a auna ta da mudu. Dokarsu ta ce fegi na ciyar da iyali ne, ba na kasuwa ba, saboda haka rarar da aka samu kyauta take tafiya, iri ya wuce ta kan danga, wanda ya ƙware ya nuna wa sabon shiga. A ƙasar da tsofaffi da yawa suke zaune su kaɗai, dare kuma ya yi tsawo haka, fegi yakan zama dalilin da zai sa mutum ya fito ya motsa jiki, ya ga haske, ya ji muryar ɗan'uwansa. Idan aka kwana uku ba a ga hayaƙin shayin wani ba, za a sami mai zuwa ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

To, jama'a, mu komo gida. Hunturunsu shi ne raninmu ta fuskar gonar tudu, iyayenmu kuwa sun san sirrin nan tun kafin a rubuta shi a littafi: da rani suke jigilar taki a kan jakuna daga birni zuwa gona, da rani suke yarjejeniya da Fulani su kwana da shanu a saura, da rani suke sharar gona da gyaran danga, shi ya sa ƙasar da ke kewaye da Kano ta yi ɗaruruwan shekaru ana nomanta kowace damina ba ta mutu ba. Abin tsoro a yau shi ne mu dogara ga buhun takin zamani kaɗai, mu kwashe kara mu ƙone shara, mu karɓa kullum ba mu mayar ba, alhali ƙasa amana ce, wanda ya ci amanarta kuwa 'ya'yansa ne za su biya. Ga hukumomin biranenmu kuma akwai abin lura: mutanen da muka ba da labarinsu sun kare ɗan fegin talaka da doka, har ya tsira a tsakiyar gari shekara fiye da ɗari, mu kuwa muna kallon lambuna da fadamun bakin birni suna komawa fuloti ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata a yi tanadi tun akwai sauran wuri, domin tun ran gini ran zane.

Dattijon nan da muka bari a bakin bukkarsa, idan rana ta sunkuya wajen ƙarfe uku, yakan wanke shebur, ya shafa masa mai, ya rataye, ya ɗauki lik biyu da kan kabeji ɗaya, ya ja ƙofa, ya bar ƙasar da ya ciyar a hannun Wanda yake raya ta bayan mutuwarta. Ya yi sababi, saura tawakkali. Allah ya ba mu ikon yin namu a kan kari, ya sa albarka a gonakinmu da lambunanmu, ya ba mu damina mai albarka.